Minti Goma Sha Biyar a Kan Fiyanon Wani

A duk masu zuwa gwajin shiga makarantun kiɗa na Amurka, mai kaɗa fiyano yana cikin 'yan kaɗan da ke zuwa hannu rabbana. Mai goge irin na Turawa yana rataye da nasa a kafaɗa. Mai sarewa ya cusa tasa a jaka. Mai babban gogen nan da ake kira celo har kujera yake saya masa a jirgin sama, a ɗaure shi da bel a gefensa. Shi kuwa mai fiyano, babban abin kiɗan da ake ajiyewa a zauren taro ya kusa rabin tan, tsawonsa ya doshi mita 3, ba ya ɗaukuwa. Duk inda yaro ya je, abin da ya tarar a ɗakin da shi zai yi aiki, kuma sau da yawa ba zai ɗora masa yatsa ba sai a daidai lokacin da alƙalai suka kasa kunne.

Na ga haka da idona a hunturun da na raka 'yar ƙanwata zagayen makarantu. A Columbus ta jihar Ohio aka haife ta, tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun ƙafafunta ba sa kai wa ƙasa daga kan benci take zama gaban fiyano. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare ya ɗaure ta, sai rakiya ta faɗo kan kawu, tunda shi ne mai mota da sararin lokaci.

Tsarin kusan ɗaya ne a manyan makarantun. Zuwa 1 ga Disamba ɗalibi ya aika bidiyon kansa yana kaɗawa, haɗe da kuɗin neman shiga wanda kan haura dala 100 a makaranta guda. Da bidiyon ake yin tankaɗe da rairaya. Wanda ya tsallake sai a sa masa rana tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Maris ya zo da ƙafarsa. Sakamako yana fita wajen farkon Afrilu, ana jiran amsarsa zuwa 1 ga Mayu. Wato dai an zaɓi watannin da sanyi ya fi cizo a arewacin ƙasar, aka ce wa yaran da duk jarinsu yatsu ne su yi ta yawo a ciki.

Abin da ake so a zo da shi ma sananne ne. Akwai Bach, galibi ɗaya daga cikin tagwayen share-fage da fuga guda 48 da ya tsara, waɗanda ya kammala kashin farkonsu a 1722. Akwai cikakkiyar sonata ta Haydn ko Mozart ko Schubert, ko ɗaya daga cikin 32 na Beethoven, kuma wasu makarantun sukan ware masu sauƙin su ce ban da waɗannan. Sai babban aiki na ƙarni na 19, irin na Chopin ko Schumann ko Brahms ko Liszt, sai atisaye mai karya yatsu, sai wani abu daga ƙarni na 20 zuwa yau. Idan aka haɗa, kiɗan kusan sa'a guda ne, kuma duka da ka ake yin sa, babu takarda a gaba. Wannan hadda gado ce daga zamanin Clara Schumann da Liszt, waɗanda suka mayar da ita al'ada. A cikin sa'ar nan, alƙalai minti 10 zuwa 20 za su saurara. Ɗalibi kan zaɓi abin da zai fara da shi, saura kuwa su ke cewa kawo kaza, fara daga wuri kaza.

Oberlin muka fara zuwa, tafiyar sa'a biyu arewa da Columbus, ta cikin gonakin masara da dusar ƙanƙara ta shafe. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su wuce dubu 8 da 'yan kai ba, fili ɗaya mai itatuwa a tsakiya, kwaleji ta kewaye shi. Amma tarihinsa ya fi girmansa. Tun 1835 kwalejin take ɗaukar baƙar fata, shekara 30 kafin a haramta bauta a faɗin ƙasar, kuma garin ya kasance mafaka ga bayin da suka tsere daga kudu suna neman tsallakawa Kanada. Sashen kiɗan an kafa shi a 1865. Farin gininsa mai siraran tagogi aikin Minoru Yamasaki ne, mutumin da ya zana tagwayen benayen New York da aka rusa a 2001. A ciki akwai fiyano ƙirar Steinway fiye da 200.

Wannan adadi a takarda abin sha'awa ne. A kunne kuwa tashin hankali ne. Idan ka shiga layin ɗakunan atisaye da safiyar ranar gwaji, ta kowace ƙofa wani yana zuba gudu, kuma abin mamaki, da yawansu abu ɗaya suke kaɗawa. Balad ta farko ta Chopin na ji tana fitowa daga ɗakuna dabam-dabam, wannan yana farkonta, wancan yana guguwar ƙarshenta. Ita ma yarinyar tawa ita ta shirya. Ta tsaya cak a tsakiyar layin, ta ce, "Kawu, ka ji? Kowa ya fi ni sauri." Malamarta ta gida ta riga ta gargaɗe ta cewa kada ta saurari kowa a wannan layi, domin mai atisaye a ranar gwaji ba kansa yake kaɗa wa ba, maƙwabcin ɗaki yake tsoratarwa. Na tuna mata da haka, na ce, "Ɗiyata, ba tseren doki aka kira ku ba. Shiga ɗakinki ki rufe ƙofa."

Iyaye da 'yan rakiya ba sa shiga ɗakin gwaji. Don haka duk abin da zan faɗa a kan kiɗanta ta bayan ƙofa na ji shi, ina zaune a benci tare da uwaye 'yan Koriya da 'yan Sin da Turawa, kowa riƙe da rigar sanyin ɗansa, kowa yana yi kamar ba saurare yake ba. Ta bayan ƙofa ma akwai abin da ake ganewa. Da farko shiru, ana juya marikin benci don daidaita tsawo. Sai Bach. Ita da shi take farawa a ko'ina, kuma a hanya ta bayyana mini dalili. Fiyano biyu masu tambari ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba sa amsa hannu iri ɗaya. A bayan kowane maɓalli cikin 88 ɗin nan akwai 'yar guduma lulluɓe da ulu da ke dukan waya. Idan ulun ya taurare saboda yawan duka, sauti ya yi kaifi. Idan sabo ne, ya yi laushi har sai an haƙo shi. Wani fiyanon maɓallansa nauyi gare su, wani da an shafa sun nutse. Fedar dama a wani tun daga sama take kamawa, a wani sai an taka ta ƙasa. Ga busasshiyar iskar hita da ke motsa katako, ga ɗakin kansa, wani yana haɗiye sauti wani yana mayar da shi. Layukan farko na share-fagen Bach ba su da hayaniya, a cikinsu take tambayar fiyanon halinsa, kafin a kai inda ba a yafe kuskure.

Daga Ohio zuwa Rochester babbar hanya mai lamba 90 ake bi, Tafkin Erie yana hannun hagu, a ratsa Cleveland da wani ɗan yanki na Pennsylvania, a wuce Buffalo. Wannan hanya ita ce matattarar dusar da tafki ke haifarwa: iska mai sanyi ta taso daga Kanada, ta kwashi tururin ruwan tafkin, ta zo ta juye shi a gaɓa. Kana tafiya cikin rana, minti kaɗan sai ka daina ganin motar gabanka. Rochester, wadda ke kusa da Tafkin Ontario, tana samun kusan inci 100 na dusa a shekara. Yarinyar ba ta damu da hanya ba. Safar hannu biyu ta sa, da 'yan ƙunshin nan masu ɗumi da ake sayarwa a kantin magani, tana kaɗa yatsu a kan cinya, idonta a rufe, tana bitar fuga.

Makarantar Eastman kuɗin hoto ne ya gina ta. George Eastman, mai kamfanin Kodak, shi ya kafa ta a 1921 a ƙarƙashin Jami'ar Rochester, ya ƙara da katafaren gidan wasa a shekarar da ta biyo. Shi ba makaɗi ba ne, amma yana da mai kaɗa masa ogan a gida yayin karin kumallo. Kodak ta durƙushe har ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 2012, garin ya ji a jikinsa, amma makarantar tana nan a tsakiyar birni, ɗakin karatunta na Sibley shi ne mafi girma a fannin kiɗa a duk jami'o'in Arewacin Amurka. A can ranar gwaji cikakkiyar rana ce, ana tara ɗalibai da iyaye a yi musu bayani, ɗaliban makarantar suna kai baƙi ɗaki-ɗaki.

A ɗaya daga cikin wuraren da muka je, wanda ba zan ambata ba, abin da kowane mai fiyano ke tsoro ya same ta. Ɗakin ɗumama hannu da aka ba ta ƙaramin fiyano ne mai jingina da bango, maɓallansa sakwa-sakwa. Ta fito daga nan kai tsaye zuwa wani ƙato mai nauyin hannu. Share-fage ya wuce lafiya. A tsakiyar fuga sai na ji abin ya tsinke. Fuga galibi muryoyi uku ne ko huɗu suke bin sawun juna, kowacce tana ɗauko jigo ɗaya a lokacinta, yatsu goma suna rabon su. Idan murya ɗaya ta ɓace, babu yadda za a rufe da kwaskwarima, sauran ma sai su watse. Shirun bai fi numfashi biyu ba, amma uwar da ke gefena ta sunkuyar da kai. Sai kiɗa ya dawo daga ɗan gaba kaɗan, ya tafi har ƙarshe. Ashe malamai suna sa ɗalibi ya ajiye tashoshi a cikin kowane aiki, wuraren da zai iya farawa ko daga barci aka tashe shi, don idan hadda ta yanke ya tsallaka gaba, kada ya koma baya ya sake faɗawa rami ɗaya. Wannan tanadin watanni ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta fito ba ta ce uffan ba har muka kai mota. Daga baya makarantar ta ɗauke ta. Alƙalan da suka kwashe shekaru suna hawa dandali sun san hadda tana yankewa ga kowa, abin da suke dubawa shi ne yadda yaro zai tashi.

Haka ma tsayarwa a tsakiyar kiɗa. Yaro yana cikin zuba ransa a Chopin sai a ce masa an gode, a wuce Beethoven. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka an kore shi. Lokaci ne kawai ba ya isa, kuma kunnen da ya ji ɗaruruwan masu kaɗa wannan aikin ba ya buƙatar minti tara kafin ya san inda aka dosa.

Aikinta na zamani shi ne abin da ya bambanta ta, kuma ba don neman alfarma ta zaɓe shi ba. Wani kashi ne mai suna Ukom daga Talking Drums na Joshua Uzoigwe, ɗan ƙabilar Ibo daga yankin Umuahia, wanda ya rasu a 2005. Uzoigwe yana cikin waɗanda suka bi tafarkin da Akin Euba ya share, na kaɗa fiyano da tunanin ganga, hannu biyu suna tafiya da kiɗa biyu masu saɓa wa juna amma suna haɗuwa. Ta san shi ne ta hanyar William Chapman Nyaho, ɗan asalin Ghana wanda shi ma ya yi karatu a Eastman, ya naɗi aikin a faifai, ya kuma tattara kiɗan fiyano na Afirka da na 'ya'yanta da ke warwatse a duniya cikin juzu'i biyar da maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga. A wasu ɗakunan ba a ma nemi ta kaɗa shi ba. A wani kuwa aka bar ta ta kai ƙarshe, har aka tambaye ta inda ta samo takardar. Ni a ganina, mutumin da tun safe ake ɗura masa balad ɗaya, duk wanda ya kawo masa sabon abu kuma ya iya shi, ya yi masa alheri.

Zuwa New York jirgin ƙasa muka hau daga Rochester, kusan sa'a bakwai, ta Syracuse da Utica zuwa Albany, daga nan layin dogo ya manne wa Kogin Hudson har cikin birni, ƙanƙara tana yawo a kan ruwa falle-falle. Juilliard tana harabar Lincoln Center tun 1969. Asalinta 1905 ne, sunan kuma na wani attajirin ɗan kasuwar yadi ne, Augustus Juilliard, da ya bar dukiya don kiɗa. A nan ne lissafi ya fara damuna. Kuɗin karatu kaɗai ya haura dala dubu 50 a shekara, ban da ɗaki da abinci a Manhattan. Ko a daren gwaji, otal ba shi da fiyano, sai an yi hayar ɗakin atisaye ana biya da sa'a. Na dubi yaran da ke layi na ga cewa tantancewar gaske an yi ta tun shekara goma baya, a gidajen da suka iya biyan malami kowane mako, suka sayi fiyano, suka tura yaro sansanin bazara. Mai baiwa da bai samu wannan ba ko bidiyon Disamba ba zai kai ba.

Direban tasin da ya kai mu cin abinci a Bronx ɗan zangon Kumasi ne, da ya ji muna Hausa sai hira ta ɓarke. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, ya leƙo ta madubi ya ce, "Alhaji, kiɗa kuma? Har jami'a ake zuwa a karanta shi?" Tambayar da dangi suka sha yi wa ƙanwata ce ta waya. A wajenmu kiɗa gado ne, yana da gidajensa, kuma duk yadda ake son makaɗi ba kowa ke son ɗansa ya zama shi ba. Yarinyar ce ta ba shi amsa da Hausarta mai ɗan karkata, ta ce, "Baba, sa'a biyar nake yi kullum. Idan ba karatu ba ne, ban san sunansa ba." Ya yi dariya, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Filadelfiya tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Makarantar Curtis ba ta yi kama da makaranta ba. Tsofaffin gidajen attajirai ne a gefen dandalin Rittenhouse, da matakalar katako da darduma. Mary Louise Curtis Bok ta kafa ta a 1924, kuma tun 1928 ba a karɓar kuɗin karatu daga kowa. Ɗalibanta gaba ɗaya ba su wuce 160 da wani abu ba, shi ya sa cikin masu nema 100 waɗanda ake ɗauka ba su cika kai 5 ba. Leonard Bernstein da Samuel Barber a nan suka yi karatu. Lang Lang da Yuja Wang, waɗanda suka taso daga ƙasar Sin, a nan suka zauna gaban malami ɗaya, Gary Graffman.

Duk baƙar fatar da ta hau wannan matakala don gwajin fiyano tana ɗauke da labarin wata a zuciya. Eunice Waymon, 'yar wata mai wa'azi daga ƙaramin garin Tryon a North Carolina, mutanen garinsu ne suka tara kuɗi aka koya mata Bach. Ta yi shiri a Juilliard a 1950, ta zo Curtis, ba a ɗauke ta ba. Danginta har sun riga sun ƙaura zuwa Filadelfiya saboda ita. Ta koma koyar da yara, a 1954 ta kama kaɗa fiyano a wata mashaya a Atlantic City, mai wurin ya ce sai ta haɗa da waƙa, ita kuma don kada uwarta ta ji labari ta sauya suna zuwa Nina Simone. Har ta mutu tana da yaƙinin launin fatarta ne ya hana ta. Makarantar ta musanta, kuma gaskiya ne cewa George Walker, baƙar fata, ya gama a can tun 1945 bayan ya fito daga Oberlin, shi ne kuma baƙin mawallafin kiɗa na farko da ya ci kyautar Pulitzer ta fannin kiɗa, a 1996. Amma a Amurkar wancan zamani, babu mai iya ce wa yarinya baƙa zarginta ba shi da tushe. A 2003, kwana biyu kafin rasuwarta a Faransa, Curtis ta ba ta digirin girmamawa. Mun yi wannan hira a kan benci a dandalin, yarinyar tana cin burodi da safar hannu. Abin da ya fi tsaya mata ba rashin adalcin ba ne, a'a, cewa hukuncin ɗaki ɗaya a rana ɗaya ya juya rayuwar mutum gaba ɗaya.

Sai dai mafi muhimmancin abin da ya faru a tafiyar ba a ɗakunan gwaji ya faru ba. A kowane gari, kafin ranar ko bayanta, takan nemi ganin malamin da take so don darasin gwaji na rabin sa'a ko sa'a guda, wani ya karɓi kuɗi, wani ya ƙi. A makarantun nan ɗalibin fiyano ba aji yake shiga ba. Malami ɗaya zai zauna da shi, su biyu, sa'a guda kowane mako, shekara huɗu. A takardar neman shiga ma ana rubuta sunayen malaman da ake so, kuma idan malami ba shi da gurbi a wannan shekarar, iyawar yaro ba za ta buɗe masa ƙofa ba. Wannan ya tuna mini da masu neman ilimi a ƙasarmu, waɗanda ba sunan gari suke bi ba, malam suke bi: a ji labarin wane ya iya littafi kaza, a ɗauki buzu a tafi Zariya ko Borno a zauna gabansa. Mu manya muna kallon sunan makaranta don mu faɗa wa dangi. Ita tana kallon wanda zai gyara mata hannu.

Wani mashahurin malami ya saurare ta, ya yaba, ya ba ta labarin manyan zaurukan da ya kaɗa a ciki, lokaci ya ƙare. Wata dattijuwa kuwa, a ɗaya daga cikin makarantu biyun da muka fara zuwa, ba ta bar ta ta wuce layi huɗu na Beethoven ba. Ta sa ta ta saki kafaɗa, ta nuna mata cewa nauyin hannu ne ke fitar da sauti ba ƙarfin yatsa ba, ta tambaye ta wace murya take so a ji a nan, kuma me ya sa. Yarinyar ta fito tana gumi a cikin wannan sanyi, ta ce, "Kawu, ashe ban taɓa jin hannuna na hagu ba."

Wasiƙu suka zo a lokacinsu. Wasu sun ce a'a, ɗaya ta ce a jira ko gurbi zai samu, biyu suka ce ta zo. Ƙanwata ta baje takardun tallafin karatu a kan teburin kicin, ta rubuta wa makarantar dattijuwar nan tana neman ƙari, tare da kwafin tayin ɗaya makarantar, abin da iyaye da yawa ba su san ana yi ba. Aka ƙara wani abu, ba duka ba, sauran ya zama bashi da aikin ɗakin karatu. Kafin Mayu ta amsa. Malamar ta aiko mata da aikin hutun bazara: ta ajiye Chopin gaba ɗaya, ta ɗauki wata gajeriyar sonata ta Haydn da ƙananan ayyukan Bach masu murya uku, ta riƙa kaɗa su a hankali, kowane hannu shi kaɗai, har zuwa ƙarshen Agusta.